Tsibirin Da Babu Shi A Taswira: Tarihin Gidajen Abinci Na Tiki



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne waɗansu gidajen abinci da suka yi tashe a Amurka a tsakiyar ƙarni na 20, waɗanda ake kira gidajen Tiki. In mutum ya shiga, sai ya tarar da rufin ciyawa, da bangon gora, da gumaka na itace, sai ka ce yana tsibiran Folinisiya na tekun Fasifik.

Asalin abin kuwa shi ne, da aka soke dokar hana sayar da giya a ƙarshen 1933, wani mutum mai suna Ernest Gantt ya buɗe gidan Don the Beachcomber a Hollywood, ya ƙawata shi da tarkacen da ya kwaso a yawon duniya. Victor Bergeron na birnin Oakland ya ga kasuwa ta buɗe, sai ya mai da nasa gidan Trader Vic's a 1937. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka komo daga Fasifik da begen tsibiran, sa'an nan Hawaii ta zama jiha ta 50 a 1959, abin ya game ƙasa. Aka gina manyan gidaje irin su Mai-Kai a Florida a 1956, da Kahiki a Ohio a 1961.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Abincin da ake kawowa galibinsa girkin Sinawa ne na yankin Kanton. Giyar kuma ta rake ce daga tsibiran Karibiyan. Suna da siffa kaɗai aka aro daga Folinisiya. Shi kansa Tiki, a wurin mutanen Maori, sunan mutum na farko ne, amma sai ga siffarsa an mai da ita kofin shan giya. Kada kuma mu manta, Amurkawa 'yan kasuwa na kan gaba wajen tumɓuke Sarauniya Liliuokalani ta Hawaii a 1893, Amurka ta haɗiye ƙasar a 1898. Wato an karɓe wa mutane mulki, daga baya aka sa al'adunsu a kasuwa.

Daga shekarun 1970 yayin ya soma dusashewa, har aka rushe Kahiki a 2000, ko da yake daga baya waɗansu sun farfaɗo da salon.

Ban ce aron al'ada laifi ne ba, domin babu al'ummar da ba ta aro. Amma mai aro yakan san mai kaya, ya kuma girmama shi. Miliyoyin mutane sun san Folinisiya ne ta bakin mai sayar da abinci, masu ƙasar kuwa ba a tambaye su ba. Saboda haka ya wajaba a kanmu, mu ɗalibai, duk inda aka nuna mana hoton wata al'umma, mu tambaya wa ya zana shi, wa kuma ya ci ribarsa.