Kariyarmu da Kariyar Kasuwa: Me Ya Sa Ido Kaɗai Bai Isa Ba

 

Tun farkon ƙarni na 20 likita J. M. Dalziel ya tsinko tsirrai a ƙasar Kontagora, aka kai su ma'adanar Kew a Ingila. Shi ne ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Yau fiye da shekara ɗari, mu da muka gaji aikin muna nan muna auna ganye da ƙirga fure kamar yadda ya yi. Na daɗe ina jayayya da abokan aikina a kan cewa ido kaɗai bai isa ba, kuma ban sauya ra'ayi ba.

Hujjata ita ce kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum. Kowa a nan ya san ta: gindi mai kauri, fure ja-ja da rani, ruwan jikinta guba ne da aka daɗe ana kashe kifi da shi. Tana da 'yan'uwa a Somaliya, a ƙasar Larabawa da kudancin Afirka. Masu duba siffa sun yi shekaru suna saɓani: wasu sun ce jinsi dabam-dabam ne, wasu sun ce jinsi ɗaya ne mai rassa. Ana cikin haka manoman fure a Tailan da Taiwan suka yi ta barbarar su, suka fitar da iri masu launi kala-kala. Da yawa daga cikinsu masu aure ne, kamar mangwaro: saiwa ta wani, reshe na wani. Idan irin wannan ta iso hannun mai sayar da fure a bakin titi, wane ido ne zai faɗi asalinta? Idan kuma aka dasa ta kusa da tamu ta daji suka yi barbara, wa zai gane ranar da tamu ta gurɓace?

DNA na ba da amsa. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa tantance halitta da ɗan guntun DNA. A 2009 masana tsirrai suka daidaita a kan gurabe biyu, rbcL da matK, waɗanda a gwajinsu suka rarrabe kusan kashi 72 cikin ɗari na jinsunan. Waɗannan biyun yawanci daga uwa ake gadonsu, don haka ga ruwa-biyu irin kariyar kasuwa dole a ƙara da gurbin ITS, wanda ke ɗauke da gadon uwa da uba.

Ana cewa aikin na da tsada, kuma fure ba abinci ba ne. Ganye ɗaya da aka busar da ƙwayoyin silika ya isa, sauran kuwa aikin ɗakin gwaji ne da za a iya haɗa kai a yi. Fure kuma dukiya ne. Waɗanda suka mayar da tsiron Afirka haja sun san haka.

Shawarata uku ce. Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke nan garin Kontagora ta buɗe ma'adanar tsirrai, ta fara da kariyar ƙasar Kontagora da ta dajin Zugurma. Kowane samfuri a ajiye kwafinsa a ma'adanar Hukumar Binciken Gandun Daji ta Ibadan, a kuma sa bayanan DNA ɗinsa a rumbun GenBank da sunan inda aka tsinko shi. Sannan gwamnatin Jihar Neja ta daina biyan kuɗin furannin ƙawata gari sai da shaidar jinsinsu. Dokar kare sababbin irin shuka ta 2021 ta buɗe ƙofa, amma wanda bai rubuta abin da yake da shi ba, ba shi da bakin cewa nasa ne.