Jirgin Liemba na Tafkin Tanganyika



Jirgin da zan yi magana a kansa yau an ƙera shi ne a garin Papenburg na ƙasar Jamus a 1913, aka sa masa suna Graf von Goetzen. Da aka gama, sai aka kwance shi ƙusa-ƙusa, aka zuba a akwatuna wajen 5,000, aka kai Dar es Salaam ta teku, daga nan jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Kigoma, a bakin Tafkin Tanganyika. A nan aka sake harhaɗa shi, ya shiga ruwa a watan Fabrairu na 1915. Nufin Jamusawa shi ne ya riƙa ɗaukar kaya da mutane, amma yaƙin duniya na farko ya riga ya ɓarke, saboda haka igwa aka ɗora masa.

A watan Yuli na 1916 sojojin Beljiyam suka matso Kigoma, aka ba da umarnin a nutsar da shi don kada ya faɗa hannun abokan gaba. To, a nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani. Waɗanda aka ba wannan aiki su ne injiniyoyin nan uku da suka harhaɗa shi da hannunsu. An ce kafin su nutsar da shi, sai da suka lafta wa injinansa maiƙo. A ganina, sun bi umarnin da aka ba su, amma ba su yarda aikinsu ya mutu ba.

Ingilishi suka tsamo shi a 1924, suka tarar da injinan ba su lalace ba. A 1927 ya koma aiki da sabon suna, Liemba, kuma da waɗannan injina masu tururi ya yi ta tafiya har wajen 1970, kafin a sa masa na dizal. Shekara da shekaru yana jigila tsakanin Kigoma da Mpulungu ta Zambiya, ɗauke da busasshen kifi da masara da siminti. Yawancin ƙauyukan gaɓar ba su da tasha, sai dai kwale-kwale su taryo shi a tsakiyar ruwa, ko da cikin dare ne.

A 1997 ya mayar da dubban 'yan gudun hijira gida Kwango, a 2015 kuma ya kwaso waɗanda suka gudo daga rikicin Burundi zuwa Kigoma, shekara ɗari cif bayan shigarsa ruwa ta farko.