Jirgin Ɗinki da Jakin Fatake: Yadda Hannu Ke Binciken Tarihi

 

A 1998 masu ninƙaya suka tarar da wani jirgin ruwa kwance a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Belitung a Indonesiya. Ƙirar Larabawa ce ta ƙarni na 9, cikinsa maƙare da tangaran Sin wajen guda 60,000, ɗaya daga cikin kwanukan ma da kwanan wata a jikinsa, daidai da shekarar 826. Babu ƙusa ko ɗaya a jikin jirgin. Da igiyar ɓawon kwakwa aka ɗinke katakonsa, kamar yadda ake ɗinke ƙwaryar da ta tsage.

Littafi ya ce irin waɗannan jirage sun kai Sin. To amma yaya ɗinki zai jure teku? Sai ƙasar Oman ta sa aka sake ƙera irinsa, tsawon mita 18, aka raɗa masa suna Jewel of Muscat. Ya tashi daga Maskat a Fabrairun 2010, ya bi ta Indiya da Siri Lanka da Malesiya, ya isa Singafo ranar 3 ga Yuli. Kullum matuƙan suna kwarfe ruwa, suna lura da inda igiya ta saki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne katakon: itacen kawo ne, kawon da muka sani a dazukanmu, aka yanko daga Gana, domin binciken tsohon jirgin ya nuna da irinsa aka yi shi.

Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, bincike ne da hannu da gumi. Gani ya kori ji.

Mu ma muna da tekunmu, na rairayi da na daji. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), an buɗe hanyar Gwanja a zamanin Abdullahi Burja, gishirin Azbin ya yawaita a zamanin Yakubu, sannan Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi. Muna haddace waɗannan sunaye, mu ci jarrabawa. Amma wa ya taɓa ɗaure huhun goro a ganye, ya aza wa jaki, ya auna kwana nawa zai yi kafin ya fara ruɓa? Tafiyar awa nawa ce tsakanin zango da zango? Me madugu ke dubawa kafin ya ce a sauka? A ranar hawa muna yi wa dawaki ado mai ƙayatarwa, ina kuma son hawa ƙwarai, sai dai jakin da ya ɗauko arzikin da aka sayi dokin ba mai tunawa da shi.

Masanin tarihi Paul Lovejoy ya tarar da tsofaffin fatake da ransu a Kano, daga hirarsu ya rubuta littafinsa kan ayarin goro a 1980. Waɗancan sun riga mu gidan gaskiya. Amma har yanzu ayarin raƙuma na tashi daga ƙasar Azbin zuwa Fachi da Bilma ɗauko gishiri, marina na nan a Ƙofar Mata, dukawa na nan a Kurmi.

Roƙona ga sassan tarihi na jami'o'inmu, na Najeriya da na Nijar: ku haɗa ɗalibai da waɗannan masu sana'a, ku shirya ƙaramin ayari ko da na zango uku ne, da ma'auni da littafin rubutu a hannu. Ku fara tun masu sanin ɗaurin kaya suna raye.