Kafin A Kai Tsohuwar Kula Wurin 'Yan Gwangwan

Jawabin kwamitin masu sayar da kayan sanyi a taron zagayowar shekara na ƙungiya

 Waɗanda suka biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, da na Illela da Birnin Konni, da na Maigatari, da na Kamba da Gaya, sannunku da hanya.

Lokacin da aka ba kwamitinmu kaɗan ne, don haka a kan abu guda za mu yi magana: tsohuwar kular lemo, akwatin ƙarfen nan mai murfi a sama, wadda da yawa cikinmu suka gada a shagon mahaifi ko na ubangida. Yau wasu sun zama benci, wasu ma'ajiyar ledoji, wasu kuma suna bayan shago ruwa yana dukansu, 'yan gwangwan suna zagayawa suna tayawa a kan kilo. Roƙonmu shi ne kada kowa ya sallama tasa sai an duba ta.

Babban dalilinmu wutar lantarki ce. Duk mun tuna watan Agusta na 2023, lokacin da aka rufe iyaka aka kuma yanke wutar da ke zuwa Nijar daga Najeriya, al'amarin da bai warware ba sai a watan Maris na 2024. A ɗaya ƙetaren ma ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne. Mai sayar da lemo da ruwan leda, sanyi shi ne rabin jarinsa. A nan ne akwati mai murfi a sama ya fi firjin tsaye. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Idan ka buɗe ƙofar firjin tsaye, sanyin zubowa yake yi ƙasa kamar ruwa. Idan ka ɗaga murfin akwati kuwa, sanyin yana nan kwance a ciki. Yawancin tsofaffin kuloli kuma an ƙera su ne don kwalabe su zauna cikin ruwa da ƙanƙara, ruwa kuwa ya fi iska saurin janye zafi daga kwalba. Kilo guda na ƙanƙara, kafin ya gama narkewa, yakan shanye zafin da zai iya ɗaga kilo guda na ruwa daga digiri 0 zuwa kusan 80.

Asalin waɗannan kuloli daga Amurka yake. A 1929 wani kamfani mai suna Glascock a jihar Indiyana ya fara ƙera wa Coca-Cola akwatin ƙanƙara na bai ɗaya. Daga baya kamfanoni irin su Westinghouse da Cavalier suka shigo, aka fara yin masu inji. A yankinmu kuwa, an kafa Nigerian Bottling Company a 1951, aka fara cika kwalaben Coca-Cola a Legas a 1953, Seven-Up kuma ya soma a 1960. Ko ba ainihin ƙirar Amurka ce ke shagonka ba, tsarin ɗaya ne: kwanon waje, kwanon ciki, abin riƙe sanyi a tsakaninsu, murfi, da ƙofar zubar da ruwa a ƙasa.

Kwamitinmu ya zauna da masu gyaran firji da masu walda, ga kuma abin da muka tattaro, bi da bi.

Na farko, kada a jona ta da wuta don a ga ko tana aiki. A fara neman ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikinta, a karanta. Kayan Amurka na aiki da wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce a ƙasashen biyu. Wanda ya cusa fulogi ba tare da tiransifoma ba, ya ƙona kwampreso nan take. Allon zai kuma faɗi irin gas ɗin da ke ciki. Idan an ga SO2 ko methyl chloride, kada wanda ya yanka bututu, domin guba ne, sai ƙwararre.

Na biyu, a gwada kwanon ciki. A toshe ƙofar ruwa, a cika akwatin da ruwa, a bar shi ya kwana. Idan ruwan ya ragu, ko ƙasa ta jiƙe, akwai huda. Ƙaramar huda ana like ta, amma idan tsatsa ta cinye gindin, gara a sa maƙeri ya lanƙwasa sabon kwano. Mai walda ya yi aikinsa a fili, domin hayaƙin farin kwano yana sa zazzaɓi.

Na uku, a duba abin da ke tsakanin bango biyu, wanda shi ne ke riƙe sanyi. A tsofaffin kuloli za a tarar da wani abu kamar auduga, ko ɓawon itace da aka matse. Da zarar ya sha ruwa, ya daina aiki, sai dai ya riƙa ciyar da tsatsa daga ciki. Alamarsa ita ce akwatin ya yi nauyi fiye da kima, ko jikinsa ya riƙa gumi. A cire shi da safar hannu da takunkumi, a busar da wurin, a yanka farin soso mai tauri a cike ko'ina ba tare da barin kafa ba. Wanda ya tsallake wannan mataki ya tafi fenti, ado kawai ya yi, ƙanƙararsa ba za ta kai la'asar ba.

Na huɗu, tsatsa da fenti. A kankare da buroshin ƙarfe da samfefa har farin ƙarfe ya fito, a shafa fentin farko mai hana tsatsa, sannan na sama. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, mai cutar da ƙwaƙwalwar yara. Saboda haka a jiƙa wurin kafin a goge don kada ƙura ta tashi, kuma kada a yi aikin a tsakar gida. Idan akwai rubutu mai tudu a jikin kwanon, ko mabuɗin kwalba na asali, a bar su yadda suke. A Amurka akwai masu tara irin waɗannan kaya, kuma asalin kayan jikinsu ne ke ba su daraja.

Na biyar, robar murfi. A sa takardar kuɗi a bakin akwatin, a rufe, a ja. Idan ta zare cikin sauƙi, robar ta mutu, a canza ta. Idan murfin yana da sakatar da ke kulle kanta daga waje, a cire ta. Yara sun sha shiga irin waɗannan akwatuna wajen wasan ɓuya su kasa fitowa, abin da ya sa Amurka ta yi doka a 1956 cewa dole firji ya zama ana iya buɗe shi daga ciki.

Na shida, inji, ga mai inji. Yawancin tsofaffin suna aiki da gas ɗin R12. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yin sa domin yana lalata rufin da ke kare duniya daga illar hasken rana, kuma wa'adin ƙasashe irin namu ya cika tun 2010. Ba a ɗura R134a a kan tsohon kwampreso haka kawai, domin man da ke cikinsa bai dace da sabon gas ɗin ba. Hanya mafi aminci ita ce sabon kwampreso mai wutar 220, da sabuwar matata, a zuƙe iskar bututun da injin zuƙa kafin a ɗura gas. R600a ba ya cin wuta da yawa, amma yana kamawa da wuta, don haka sai mai gyaran da ya san shi. A canza duk tsohuwar waya, a kuma haɗa jikin akwatin da wayar ƙasa, domin ƙarfe da ruwa da lantarki idan suka haɗu, rai ake magana. A daidaita sanyin tsakanin digiri 2 zuwa 4. Ya isa lemo, kuma ba zai daskare har ya fasa kwalba ba. Idan kuɗin inji ya yi yawa, a cire shi a yi aiki da ƙanƙara, yadda na farkon suka yi.

Akwai kuma maganar da ta shafe mu a matsayinmu na masu ƙetare iyaka. Tsohon firji da tsohuwar firiza da tsohon kwampreso suna cikin jerin kayan da kwastan na Najeriya suka haramta shigowa da su. Gana ma ta hana shigo da tsofaffin firji tun 2013. Saboda haka kada a ɗora kula a mota don a kai ta gyara wancan ƙetare, a je a rasa ta a shinge. A gyara ta inda take. Idan an ɗauke ta cikin gari, kada a kwantar da ita a gefe, kuma a bar ta ta huta wasu awoyi kafin a kunna, don man kwampreso ya koma mazauninsa.

Ba kowace kula ce ta cancanci gyara ba. Idan ƙafafu da gindi da kwanon ciki duk sun ruɓe, a bar wa 'yan gwangwan. Amma idan jikin yana da ƙarfi, a yi lissafi: kuɗin soso da roba da fenti da ladan mai gyara a gefe guda, kuɗin sabuwar firiza a ɗaya gefen, ko da naira ko da sefa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Muna gabatar wa uwar ƙungiya buƙatu uku. Kowane reshe ya rubuta sunayen masu gyaran da aka yarda da aikinsu, masu injin zuƙe iska. A haɗa kuɗi a riƙa sayo roba da soso da kwampreso a sari, don farashi ya sauka wa kowa. Sannan a tura matasa biyu daga kowane reshe su koyi wannan sana'a, domin yaran da ke tura mana baro yau suna bukatar abin da za su dogara da shi gobe.

 Wanda ke da kula a bayan shago ya ba sakataren reshensa suna kafin a watse, za mu zo mu duba.