Wa ka bar wa gida? Magana kan amanar gida da bisashe in tafiya ta kama



Da aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, na ce tsaron gida da kiwon bisashe in mutum ya yi tafiya. Na ga wasu sun yi murmushi, kamar su ce: ƙasa na cikin wanga hali, kai kuma maganar akuya da kaji za ka kawo mana? To ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci. Ni dai abin da na lura, dangi da yawa da suka daina gaisawa a Kurfai, in ka bi sawun abin, a kan tunkiya ɗaya aka fara ko a kan makullin ɗaki.

Mu ƴan Kurfai mutanen gida biyu ne. Daga Yamai zuwa Filinge kilomita wajen 180 ne: ka bi ta Hamdallay, ka wuce Balleyara da Bonkuku, ka hau Dallol Bosso har ka isa. Wannan hanyar ba ta hutawa. Da an gama girbi samari sun kama hanyar bida, wasu Yamai, wasu Gana, Abijan, Legas ko Libiya. Da hadari ya fara haɗuwa sun juyo don noma. Mu kuma da aiki ko karatu ya zaunar a birni, Sallah ce ke kai mu gida, ko suna, ko biki, ko gaisuwar mutuwa, ko hutun lekol. Zumunta a ƙafa take, haka iyaye suka ce. Amma duk lokacin da ƙafa ta ɗaga, akwai ƙofar da aka rufe a baya, akwai kuma bakin da ke jiran ci da sha. In ka tafi Filinge ka bar ɗakinka na Yamai da tantabarunka ko ragon da kake turka. In ka dawo Yamai ka bar awakinka a Cikal ko Tukunus. Ko ta wane gefe ka duba, wani ne ke ɗauke da kayanka.

A Turai wannan sana'a ce. A Faransa ko Ingila, mai tafiya hutu yakan biya kuɗi a zo a zauna masa a gida a kula da karensa, ko ya ba baƙo masauki kyauta a madadin aikin, kuma a rubuce suke yi. Mu a nan kalma ɗaya muke jefawa muna kan shiga mota: «Ka duba min gida.» Shi ke nan. Ba ka ce kwana nawa ba, ba ka bar dusa ba, ba ka bar ko dala ba. Ba ina cewa mu koma biyan juna kamar Turawa ba ne. Abin da muke da shi ya fi nasu daraja, don amana ce. Sai dai amana tana da baki biyu, mu kuma baki ɗaya kawai muke tunawa: na wanda aka ba. Wanda ya bayar, shi ma akwai nauyi a wuyansa, kuma a kan wannan nauyin nake so mu tsaya yau.

Mu fara da tambayar su wa ake bar wa. Ku rufe ido ku tuna gidajenku. Inna ce, wadda ƙafarta ke ciwo. Matar yaya ce, mai goyo, wadda mijinta ke Kumasi. Ƙane ne ɗan shekara goma sha biyu wanda ya kamata a ce yana aji. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40 a Filinge, ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, rijiya ta yi nisa. Tumaki biyar ɗin da kake alfahari da su a fada, wani ne ke jan guga dominsu safe da yamma. Wani ne ke tsintar ƴaƴan gawo, wani ke raba kuɗin cefane biyu don sayen dusa. Kai kuma sai Sallah ta matso ka bugo waya: «Ya ragona, ya yi ƙiba?» Ranar da aka sayar da shi a kasuwar Lahadi, nawa ne ya shiga hannun wadda ta yi wata takwas tana ba shi ruwa?

Iyayenmu ba haka suka yi ba. Ku dubi habbanaye na Fulani, maƙwabtanmu a wannan dallol tun kaka da kakanni. Mutum ya ba ɗan uwansa karsana ko akuya, ta zauna a hannunsa har ta haihu sau biyu ko uku, ƴaƴan su zama nasa, nono nasa, sannan ya mayar da uwar. Kowa ya san ƙa'ida tun ranar farko. Mu Hausawa ma muna da ba da kiwo, inda ake raba haihuwa tsakanin mai dabba da mai kiwo gwargwadon al'adar kowane gari. Makiyayin gari da ke kora awaki da safe ya maido su da marece, shi ma ana sallamarsa da hatsi ko kuɗi. Ka ga ke nan a tsarin da muka gada, wahalar mai kula tana da lada tun a nan duniya. Mu ne ƴan zamani muka riƙe rabin al'adar, wato «riƙe min», muka yar da ɗaya rabin.

Addini ma bai bar abin kara zube ba. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ci karo da hukuncin ajiya. A taƙaice: wanda aka ba ajiya, in abin ya salwanta ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa. In ya yi sakaci, ko ya yi amfani da abin ba da izini ba, to ya ɗauki nauyi. Ku riƙe wannan da kyau, don yanzu ya fi kowane lokaci amfani.

Me ya sa na ce haka? Don ƙasar ta canza. Kowa a nan ya san abin da ke faruwa a arewacin jihar Tilaberi, wajen Abala, Sanam da Banibangu. Ƴan bindiga na kore garke sukutum, suna karɓar dabbobi da sunan zakka. A farkon 2020 an hana yawo da moto a yankuna da yawa na jihar, abin da ya sa leƙa ƙauye na yini ɗaya ya zama babban aiki. Akwai iyalai da suka baro garuruwansu da dare, suka bar rumbu da makulli a hannun dattijon da ya ce shi ba inda za shi. Su ba ziyara suka tafi ba, kuma ba su san ranar komawa ba. A irin wanga yanayi, in aka kore shanun gari har da saniyarka, kai kana Yamai kana shan shayi, da wane baki za ka ce wa kawunka ya biya? Shi da ya tsira da ransa da ƙyar? Amma na ji gidajen da aka yi hakan, har aka kai ga rantsuwa da Alƙur'ani tsakanin wa da ƙane.

Sannan akwai doka. Tun 1993 Nijar na da kundin dokokin karkara, kuma a ranar 20 ga Mayu 2010 aka fitar da dokar da ta shafi kiwo. In dabba ta shiga gona ta yi ɓarna kafin a saki gonaki, akwai diyya, kuma ana fara zaman sulhu gaban maigari ko sarki kafin maganar ta kai kotu. To akuyarka ce ta ci waken mutane, amma ƙanenka ne za a kira ƙofar maigari. Wa zai biya? In ba ku yi maganar ba tun farko, ranar ce za ku yi ta, cikin fushi.

Saboda haka ga abin da nake roƙonmu, ni da ku, kafin tafiya ta gaba.

Na farko, ka tambaya, kada ka ɗora. Akwai bambanci tsakanin «Inna, za ki iya?» da «Inna, ga su nan.» A gidajenmu ƙarami ba ya ce wa babba a'a, uwa kuma ba ta ce wa ɗanta a'a, don haka kai ne za ka duba ƙarfinsu da idonka. In ka ga ba za su iya ba, rage bisashen. Gara tunkiya biyu masu ƙoshi da shida masu jan ƙafa.

Na biyu, a ƙirga gaban shaida. Guda nawa ne, wacce ke da ciki, wacce ke tari. Kowa na da waya yanzu: ɗauki hoto, ka yi saƙon murya a WhatsApp na gidanku kowa ya ji. Wasu za su ce wannan rashin yarda ne. Ni kuwa ina ganin kariya ce ga mai riƙon, don ranar da wata ta mutu babu mai ce masa huɗu ne ko biyar.

Na uku, abinci da kuɗi su riga ka fita. Buhun dusa, damin harawa, ɗan kanwa, da wani abu a hannu don magani. Yau aika kuɗi ta Nita ko Al Izza bai fi ƴan mintoci ba. Wanda ke da jika biyar na sayen intanet a wata ba shi da hujjar barin tsohuwa tana cin bashi saboda ragonsa.

Na huɗu, a faɗi rabon mai kiwo tun ranar farko. Ɗan akuya ɗaya cikin haihuwa, ko wani kaso in an sayar. A kuma faɗi abin da zai faru in ciwo ya kama dabba: yana da izinin yankawa ko sayarwa ba sai ya same ka a waya ba? Sau nawa dabba ta mutu mushe don ana jiran mai ita ya ɗaga waya?

Na biyar, rigakafi ya fi magani. Kowace shekara ma'aikatan kiwo na zagayawa da allurar ciwon huhu na shanu da ta annobar awaki da tumaki. Ka tabbata naka sun samu kafin ka tafi. Kaji kuma kun san yadda cuta ke share su lokacin hunturu, ita ma akwai rigakafinta. Ka share leda daga tsakar gida, don akuya mai yunwa tana haɗiye ta, ta rame a hankali har ta mutu. Ka rufe ɗakin hatsi da kyau, tunkiya in ta samu gero ta ci ta ƙoshi, kumburin ciki na iya kashe ta a dare ɗaya. Mu da muke da tashar Tukunus a ƙofarmu, inda tun 1954 ake aikin inganta shanun Azawak, bai kamata a ce ilimin kula da dabba ya yi mana nisa ba.

Ba zan manta da kare da mage ba, don su ne aka fi zalunta. Rago kuɗi ne, kowa na tunawa da shi. Kare kuwa sai a ɗaure shi a bar shi wai ya tsare gida, ba ruwa ba inuwa. Mage a kulle ta a ɗaki ba a sani ba. Dukanmu mun ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba. Karen da aka saki yana yawo kuma yana iya haɗuwa da mahaukaci ya kwaso cutar, ita kuwa in alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Ka gaya wa wanda ka bar wa gida: in kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a wuce likita nan take.

Shi kansa gidan yana da nasa haƙƙi. Ɗakin ƙasa da ba kowa ciki ya fi saurin mutuwa. Gara na cin azara, indararo na toshewa, ruwa ya kwanta a kan soro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daminar 2024 ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, kuma da yawa ginin ƙasa ne ya faɗa musu. In za ka bar gida ya ratsa damina, ka yi yaɓe tukuna, ka bar wa maƙwabci makulli ya riƙa buɗewa iska na shiga. A Yamai kuma, ka kashe kuran, ka rufe pampo da gaz, ka daina sanar da duniya a Facebook cewa ka tafi Filinge sati biyu. Ɓarawo ma yana da waya.

Kai kuma da aka ba riƙo, naka ya rage. In ba za ka iya ba, ka faɗa tun mai gida bai tafi ba. Kunyar minti ɗaya ta fi gabar shekara goma sauƙi. In ka karɓa, kada ka mayar da ɗakin mutum wurin fada, kada ka ara wa wani jakinsa, kada ka sayar da zabuwa ka ce shaho ne. In wani abu ya faru, ka faɗa ranar da ya faru.

Muna yawan magana a kan shugabannin da suka ci amanar ƙasa, kuma muna da gaskiya. Amma wurin koyon riƙon amana yana farawa daga makullin maƙwabci da akuyar goggo. Yau da dare, kowa ya tuna wanda ke riƙe masa da wani abu a gida. Ka buga masa waya. Kafin ka tambayi lafiyar ragon, ka tambayi tasa, ka tambaye shi nawa ya kashe tun tafiyarka, ka aika masa.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka baro gidajensu gida.