Taɓo a Akurki da Kashin Jinin Kaji



A yawancin gidajenmu, lungun da babu mai so shi ake bar wa kaji: can ƙurya, kusa da rariya ko bayan makewayi, inda duk ruwan tsakar gida yake gangarawa. Da rani ba a ganin illar haka. Sai Agusta ya kama, marka ta zauna, sannan uwargida ta fara tarar da 'yan tsakinta sun saki fukafukai suna kashin jini.

Likitocin dabbobi suna kiran wannan ciwo koksidiyosis. Ƙwayarsa tana fitowa ne cikin kashin kaza, amma ba ta iya kama wata kazar sai ta samu danshi da ɗumi ta nuna, kuma kwana 1 zuwa 2 ya ishe ta. Taɓon akurki ya haɗa mata komai. Ga kuma warin jiƙaƙƙen kashi mai cin ido da huhu, ga tafin ƙafa da ke yin laushi har ya tsage ya kumbura. Abin da ke damuna shi ne, sai a garzaya a sayo maganin amprolium a zuba a ruwan sha, kaji su murmure, a sake mayar da su cikin caɓin da ya kwantar da su.

Ku ɗaga kai ku dubi rufi tukuna. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita ɗaya ke nan. Idan kwanon ɗaki mai murabba'in mita 20 yana zuba wajen kaji, ruwan dare ɗaya na milimita 30 zai juye musu lita 600, duro uku cur. Babu buntun da zai shanye wannan. A ɗaura indararo, a tara ruwan a duro, ko a karkatar da shi.

Bayan haka a ɗaga ƙasan wurin ya fi tsakar gida tudu da kamar taƙi ɗaya. A fara zuba marmara ko tsakuwa a daddaɓe, a bar ɗan gangare zuwa waje, sannan a shimfiɗa yashi mai tsakuwa-tsakuwa. Kada a zuba yashi kai tsaye a kan laka, haɗiye shi za ta yi. Buntun shinkafa da ɓawon katako kuwa na ƙarƙashin rufi ne kawai, a riƙa juya su, a kwashe inda ya dunƙule a kai gona. Mazubin ruwan sha a ɗora shi kan bulo.

Iyayena mata, idan an haƙa 'yar kwata a gefe, don Allah kada a sake ta cikin lungu ta dami maƙwabta. A kai ƙarshenta wani rami da aka cika da duwatsu, nesa da rijiya da gindin katanga.