GUDAWAR DA YARA KE KAMUWA DA ITA A ASIBITI
(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai)



Maganarmu ta yau a kan yaron da aka kwantar a asibiti saboda wani ciwo ne, bayan kwana biyu ko uku sai zawo ya ɓarke masa, alhali bai zo da shi ba. Watau an gudu ba a tsira ba.

Babbar mai laifi ita ce ƙwayar cutar rota, wadda Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano a Ostareliya cikin 1973. Daga kashin yaro mai cutar take fitowa, ta maƙale a hannu, ko fo, ko ƙarfen gado, har ta kai bakin wani. Tana iya yin kwanaki a jikin kaya ba ta mutu ba, kuma 'yar kaɗan ta isa ta kayar da jariri. A ƙasarmu ta fi yaɗuwa da hunturu.

Dalili na biyu kuwa magani ne da kansa. Magunguna irin su amfisilin ba su bambanta ƙwayoyin cuta da masu amfani da ke cikin hanji. In suka share masu amfanin, sai zawo ya biyo baya.

To, waɗanne yara ne suka fi shiga hatsari? Waɗanda ba su kai shekara 2 ba, da masu tamowa ko ƙyanda, da waɗanda aka cire daga nono aka koma ba su madara a kwalba, da waɗanda ake ciyarwa ta robar hanci. Daɗewa a kwance na ƙara hatsarin, haka ma cunkoso. Inda aka haɗa yara biyu a gado ɗaya, famfo kuma ya ƙafe, nas guda tana zagaya ɗaki ba ruwan wanke hannu, ina cuta za ta rasa hanya?

Nijeriya ta sa rigakafin rota cikin jerin rigakafin yara a 2022, amma wannan bai ɗauke mana sabulu da ruwa ba. Mu da ke zaune a nan, gobe waɗansunmu ne likitoci, waɗansu kuma ke tsara kasafin kuɗi a ma'aikatu. Idan takardar gyaran famfon ɗakin yara ta iso teburinmu, kada mu bari ta kwana, domin ran ɗan wani ne a cikinta.